Idan Mai Ya Shiga Ƙasa da Ruwan Rijiya: Wace Hanyar Gyara Ta Dace da Gidan Manka a Bauchi?

Ranar da na fara ganin abin da idona, a wani gida ne da ke bayan katangar wani gidan mai a cikin garin Bauchi. Uwargidan ta sa yaro ya zura guga a rijiya ya jawo, ta juye ruwan a farin kwano ta ajiye a rana. "Malam, duba da kanka," in ji ta. Saman ruwan yana sheƙi da launuka kamar bakan gizo, warin fetur kuwa tun kafin ka sunkuya yake dukan hanci. Ta ce wata uku ke nan shayin gidan ya canza ɗanɗano, suna ta tafasa ruwan suna jefa alam, amma shiru. Shi kuma mai gidan man ya daɗe yana ganin giɓi tsakanin abin da sandar awo ke nunawa da cinikin da aka yi, har ya fara zargin yaransa da ɗan hali. Ashe bututun da ya taso daga tanki zuwa famfo ne ya tsage a gwiwa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali nake yi wa wannan rubutu. Ka kira 'yan kwangila uku, kowa da tasa: ɗaya ya ce a tone a kwashe, ɗaya ya ce a kafa injin zuƙo ruwa, na ukun ya ce yana da wani sinadari da zai zuba, mako biyu an gama. Kai kuma kana tsakiya, kana lissafin kwanakin da famfo zai yi a rufe da kuma idon maƙwabta.

Abubuwan da ba a zaɓi a kansu

Kafin mu shiga kwatance, akwai abu huɗu da dole ne ko wace hanya za ka bi.

Na farko, a tsayar da yoyon. A gwada tankuna da bututu da matsin iska, a kwashe man da ke cikin wanda ya huje. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya haura lita 1,000 a shekara. Gyaran ƙasa alhali tanki na zuba, ɗibar ruwa ne da kwando.

Na biyu, a sanar da hukuma. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, a 2006 ta ce a kai rahoton malalar mai cikin awa 24, ta kuma sa tarar naira 500,000 a kan kowace rana ta jinkiri. NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba mai, wadda ta gaji tsohon sashen albarkatun mai (DPR) bayan dokar man fetur ta 2021, ita ke riƙe da lasisinka, a jiha kuma ga BASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi. Gara su ji daga bakinka da su ji daga bakin mai unguwa.

Na uku, a rufe rijiyar da ta gurɓata a sama wa mutanen gidan ruwa, ko da na 'yan garuwa ne, a aljihunka. Tafasawa ba ta magance komai, tana dai fitar da gubar ta cika ɗakin girki a shaƙa. Gubar da ake tsoro a fetur ita ce benzin, mai jawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya ta ruwan sha (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Idan fetur na ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, abin da ke cikin lita ɗaya tak, in ya narke duka, ya isa ya kai ruwa kusan lita 880,000 wannan iyaka, wato tankar mai ta lita 33,000 sau 26.

Na huɗu, a auna. A nan ne mutane ke son tsallakewa, a nan kuma nake kafewa. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, aƙalla uku, domin da uku ne ake gane inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya nufa: ɗaya ta ɓangaren da ruwan ke fitowa, sauran ta inda yake gangarawa. Bututun roba ake sawa, a tsattsaga shi daidai inda saman ruwa yake hawa da sauka, domin mai ya fi ruwa rashin nauyi, a sama yake kwanciya. In tsagar ta nutse can ƙasa, sai a ɗebo ruwa garau a ce maka lafiya lau, man na nan sama da ita. Wuyan rijiyar kuma a toshe shi da bentonayit, wani yumɓu mai kumbura in ya jiƙe, da siminti, kada ita kanta ta zama hanyar da datti zai bi. Samfurin ruwa a ƙaramar kwalbar gilashi ake cika shi fal ba kumfar iska ko ɗaya, a sa a ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin 'yan kwanaki. Wanda ya kawo maka sakamakon ruwan da aka ɗebo a robar lemo aka ɗora a bayan mota cikin zafin Afrilu, takarda kawai ya sayar maka.

Takardar gwaji za ta nuna TPH, wato jimillar man da ke ciki, da BTEX, wato benzin da 'yan'uwansa uku. Ƙa'idojin muhalli na harkar mai, wato EGASPIN, da aka saba aiki da su a Najeriya sun sa TPH miligiram 5,000 a kilon ƙasa da maikirogiram 600 a litar ruwa a matsayin iyakar da in an haura dole a ɗauki mataki. Abin da ake burin komawa gare shi kuwa 50 ne a kowanne. Idan gidan man tsoho ne, tun zamanin da ake sa dalma a fetur, a haɗa da gwajin dalma.

Ma'aunin da zan bi

Kowace hanya zan ɗora ta a kan abu huɗu. Kuɗi, kuma kuɗi iri uku ne: na farawa, na ci gaba kamar gas ɗin janareta da gwaje-gwaje, da cinikin da za ka rasa. Ɗorewa, wato ko man zai sake bayyana bayan damina. Sauƙi, wato ko kaya da ma'aikata suna nan Bauchi ko sai an ɗauko daga Fatakwal ko Legas. Sai haɗari ga ma'aikata da maƙwabta.

Amma ma'aunin ba ya aiki sai ka san filinka. Fetur ne ko gas? Fetur yana tashi ya bi iska kuma yana narkewa a ruwa, gas kuwa yana manne wa ƙasa. Sannan garin Bauchi a kan dutse yake zaune: jar ƙasa da marmara a sama, ruɓaɓɓen dutse a tsakiya, sai dutse mai tsage-tsage a ƙasa. Ruwan rijiyoyinmu a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan yake, kusa ƙwarai, yana hawa da damina ya sauka da rani. Duk hawa da saukar nan yana shafa man a jikin ƙasa kamar yadda miya ke barin zobe a jikin tukunya. Shi ya sa awon watan Afrilu da na Satumba ba sa zama ɗaya. Wajen Alkaleri da Darazo da yammacin garin Gombe kuwa dutsen yashi ne, ruwa na da nisa, lissafin ya sha bamban.

Hanya ta ɗaya: a tone a kwashe

Wannan ita ce kowa ya gane. Katafila ta zo, a cire tsohon tanki, a kwashe baƙar ƙasar da ke kewaye da shi, a ɗebi samfuri a bango da ƙasan ramin, a cike da sabuwa.

Kuɗinta a farko ne, kuma mai nauyi. Ɗauki rami mai tsawon mita 10, faɗin 8, zurfin 4. Kubik mita 320 ke nan na ƙasar cikin rami, sama da tan 500. Da tifa mai ɗaukar kubik mita 10, sawu 32 ne a takarda, a zahiri ya doshi 40 domin ƙasa tana kumbura in an tone ta. Sai ka sake biyan sawun ƙasar cikewa, da dannewa, da sabon daɓe. Famfo zai yi makonni a rufe. Amma in an gama an gama, babu janaretan da zai ci gaba da shan gas.

A wajen ɗorewa babu kamarta, a iya inda haƙorin katafila ya kai. Abin da ya shige ƙarƙashin ofis, ko titi, ko gidan maƙwabci, ko ya faɗa tsagar dutse, yana nan. Sauƙi kuwa, kayan aikin duk akwai su a gari.

Haɗarin ne ba na so a raina. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, saboda haka a ƙasan rami yake taruwa. Da ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Tankin da aka ce babu komai a ciki ya fi cikakke haɗari. Kada mai walda ya kusance shi sai an wanke, an kore tururin, an auna da na'ura. Ramin da ya wuce ƙirjin mutum kuma sai an tokare bangonsa ko an kwantar da shi, balle da damina.

Sai babbar tambayar da 'yan kwangila ba sa son a yi musu: ina za a kai ƙasar? Na taɓa bin sawun wata tifa, na tarar an juye irin wannan ƙasa a bakin wani rafi a bayan gari, ƙasa da wurin kaɗan ga masu lambu suna ban ruwa. Wani wurin ma sayar da ita ake yi wa masu cikon fili. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan, kuma alhakin bai bar wuyanka ba. In ba a rubuta maka wurin da za a kai ta da abin da za a yi mata ba, kada ka sa hannu.

Hanya ta biyu: a bar ƙwayoyin cikin ƙasa su cinye man

Wannan ita ce amsar tambayar ina za a kai ƙasar da aka tone, kuma ita na fi ƙauna a yankinmu. A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta da ke cin mai. Abin da suke buƙata iska ne, da danshi, da taki, da ɗumi. Ɗumi Allah Ya hore mana: sun fi aiki tsakanin digiri 10 da 45, abin da Turawa ke jira sai bazara mu muna da shi kusan duk shekara.

Iri biyu ne. Ko a shimfiɗa leda mai kauri a fili, a yi mata kunya a kewaye, a baza ƙasar kaurin santimita 30 zuwa 45, a riƙa juya ta da garma ana yayyafa ruwa. Ko kuma, in fili ya yi kaɗan, a tara ta tudu mai tsayin mita 1 zuwa 3, a jera bututu masu huji a ciki don iska, a lulluɓe. Ana cakuɗa ta da kashin kaji ko takin shanu, da ɓuntun shinkafa ko garin katako don ta saki jiki. Ma'aunin da aka saba shi ne kabon (wato abin da ke cikin man) 100, sai sinadaran taki, naitirojin 10 da fosfaras 1. Danshin kuwa irin na ƙasar shuka ne: ka dunƙula ta a hannu ta riƙe, amma ruwa bai ɗiga ba.

Kuɗin ya fi na sauran sauƙi, kuma yawancinsa a gida yake tsayawa, wajen lebura da mai tarakta da mai gidan kaji. Sai dai tana son haƙuri, wata 6 zuwa shekara 2, gas ya fi fetur jan lokaci, baƙin mai kuwa ya fi su duka taurin kai. Idan man ya haura miligiram 50,000 a kilo, su kansu ƙwayoyin yana kashe su, sai an sirka da wata ƙasar. Abin da suka cinye ya tafi har abada, don haka ɗorewarta ba ta da matsala.

Wurare biyu take faɗuwa a nan. Da hunturu da bazara ƙasar kan bushe ƙamas cikin kwana biyu, aikin ya tsaya cak ba wanda ya lura. A watan Agusta kuma ruwa ya cika kunyar ya kwashe man ya kai gonar wani. Saboda haka filin ya zama nesa da gidaje da rijiyoyi, a kuma tanadi rami mai leda da zai tare ruwan da ya gangaro.

Akwai wata yaudara mai kama da wannan hanya: a kafce saman filin a watsa taki ba tare da an tono na ƙasa ba. An yi haka shekaru a ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 ya nuna hanyar ba ta yi aiki ba, domin a wurare 49 man ya kai zurfin aƙalla mita 5. A Nisisioken Ogale, wani gari a yankin, an sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, benzin a ruwan shansu ya ninka iyakar Hukumar Lafiya fiye da sau 900. Garma ba ta kai wa mita 5.

Hanya ta uku: zuƙe tururi da hura iska

A nan ba a tone fili. Ana haƙa siraran rijiyoyi da ba su kai ruwa ba, a haɗa su da injin zuƙa, ya riƙa jawo iska ta cikin ƙasa tana tafiya da tururin fetur, a bi da ita ta cikin gawayin tacewa. Wani lokaci a ƙara da hura iska cikin ruwan ƙasa don ta kore abin da ya narke.

Amfaninta babba shi ne kasuwa ba ta tsayawa, kuma tana kai wa ƙarƙashin gini. Kuɗin farawa matsakaici ne zuwa mai yawa, amma injin yana son wuta dare da rana na tsawon wata 6 zuwa shekara 2. Kowa ya san yadda wutarmu take, don haka ka lissafa janareta ko sola mai ƙarfi tun farko. Injin kuma dole ya zama irin wanda ba ya tartsatsi, ba wanda za a haɗa a bakin kasuwa ba.

Ga fetur a ƙasa mai yashi inda ruwa ke da nisa, tana da kyau ƙwarai. Ga gas ba ta da wani tasiri, domin gas ba ya tashi. A yumɓu iska ba ta ratsawa. Inda ruwa ke kusa kuma, kamar unguwanni da yawa na cikin Bauchi da damina, injin ruwa zai riƙa zuƙowa maimakon iska. Hura iska ita kaɗai ba tare da zuƙa ba tana iya tura tururin cikin sokawe da ɗakunan maƙwabta, kuma ba a yin ta matuƙar akwai mai kwance a saman ruwa.

Hanya ta huɗu: zuƙo ruwa a tace

Abu biyu ake haɗawa a ƙarƙashin wannan suna, ya kamata a raba su.

Na farko yaɗe man da ke kwance a saman ruwa. Akwai wani siririn bututu garai-garai da ake zurawa a rijiyar sa ido da igiya. In ka jawo shi za ka ga ruwa a ƙasa, a samansa kuma ga fetur ja-ja ya kwanta, wani lokaci kaurin yatsa uku. Ana yaɗe shi da wannan bututun, ko da tsumma na musamman mai tsotse mai ya bar ruwa, ko ƙaramin famfo mai aiki da sola. Arha ne, ma'aikaci ɗaya da aka koya wa zai iya, kuma kowace lita da ta fito ta rage abin da zai narke. Duk inda aka ga mai a saman ruwa, a fara wannan gobe. A tara shi a duro mai murfi nesa da wuta, a rubuta litar kowace rana. Kada a ruɗu in kaurin ya ragu da damina, yakan dawo da rani in ruwa ya sauka.

Na biyu shi ne babban aikin: a kafa famfo yana zuƙo ruwa ba tsayawa, a raba mai da ruwa, a tace da gawayi, a zubar. Wannan ita ce ta fi kama da aiki a ido, ita ce kuma ta fi cin kuɗi a ɓoye. Watannin farko sakamako zai yi ta sauka ka ji daɗi, daga nan ya tsaya wuri ɗaya. Ka kashe injin, bayan wata biyu ya sake hawa, domin man da ya manne a ƙasa yana ci gaba da narkewa a hankali. A Amurka, wani nazari na 1994 ya duba wurare 77 da ake wannan aiki, 8 kacal suka kai matakin tsaftar da aka nema. Su da ba su san ɗaukewar wuta ba ke nan.

A Bauchi akwai ƙarin matsala biyu. Zuƙo da ƙarfi yana saukar da ruwa, man ya bi shi ƙasa ya shiga tsagar dutse inda ba mai iya fito da shi. Kuma da rani kana iya ƙafar da rijiyoyin layin gaba ɗaya, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Amfaninta na gaskiya ɗaya ne: tare gurɓataccen ruwa kada ya isa wata rijiya ko burtsatse da jama'a ke sha. Katanga ce, a ɗauke ta a haka.

Hanya ta biyar: zuba sinadari

Ana tura sinadarai irin su haidurojin feroksaid ko fasalfet cikin ƙasa su ƙone man. Tana da sauri, makonni zuwa watanni, amma da tsada, kuma sau da yawa sai an maimaita sau biyu ko uku. Sinadarin yana bin hanya mai sauƙi ya bar man da ke cikin yumɓu. Feroksaid yana haifar da zafi da iska mai matsi, kusa da tanki mai fetur kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Ba zan ba da shawararta ba sai ga ɗan ƙaramin wuri da ya rage bayan tono, a hannun waɗanda suka nuna maka inda suka taɓa yi da sakamakon shekara guda bayan nan. Mai yawo da jarka yana cewa ruwan maganinsa na narkar da mai, yawanci sabulu ne, kuma sabulu ƙara tura man cikin ruwa yake yi.

Hanya ta shida: sa ido a bar ƙasa ta yi aikinta

Wannan hanya ce ta gaskiya, amma an fi fakewa da ita. Ƙwayoyin nan da muka ambata suna aiki a ƙarƙashin ƙasa ma, a hankali. Binciken da aka yi a Kalifoniya a 1995 ya nuna a kusan kashi 90 cikin 100 na wuraren da tanki ya yi yoyo, benzin bai wuce kimanin mita 75 ba ya tsaya. Labari ne mai daɗi, sai dai ka tsaya a bakin gidan manka ka auna mita 75 ta kowane ɓangare, ka ƙirga rijiyoyin da ke ciki. A tsofaffin unguwanni irin su Jahun ko Nasarawa za ka gaji da ƙirga. Ruwan dam ɗin Gubi bai wadaci kowa ba, rijiya da burtsatse su ne rufin asirin gidaje da yawa. A dutse mai tsaga kuma man na iya bin tsaga ɗaya ya ɓulla nesa, ya tsallake gidan da ke kusa.

Sharuɗɗanta: an cire tushen, babu mai kwance a saman ruwa, babu mai shan ruwan kusa, kuma awo duk wata uku, rani da damina, yana nuna raguwa. Kuɗinta kaɗan ne a wata, amma na shekaru ne. Shimfiɗa intalok a kan wurin a yi shiru ba ya cikin wannan hanya. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

| Hanya | Kuɗi | Lokaci | Ɗorewa | Sauƙi a Bauchi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tono da kwashewa | Mai yawa, sau ɗaya | Makonni | Sosai, iya inda aka kai | Akwai kaya | Gobara, ruftawa, zubarwa a inda bai dace ba |
| Ciyar da ƙwayoyin ƙasa | Kaɗan zuwa matsakaici | Wata 6 zuwa shekara 2 | Sosai | Mai sauƙi, tana son fili | Bushewa, kwararar damina |
| Zuƙe tururi | Matsakaici, da kuɗin wuta | Wata 6 zuwa shekara 2 | Mai kyau ga fetur a yashi | Sai ƙwararru | Tururi ya shiga gidaje |
| Yaɗe mai a saman ruwa | Kaɗan | Watanni | Rage tushe kawai | Mai sauƙi | Ajiyar man da aka tara |
| Zuƙo ruwa a tace | Mai yawa, ba ya ƙarewa | Shekaru | Rauni | Wahala | Jan mai ƙasa, ƙafar da rijiyoyi |
| Sinadari | Mai yawa | Makonni zuwa watanni | Yakan dawo | Sai ƙwararru | Zafi da matsi kusa da tanki |
| Sa ido | Kaɗan, na shekaru | Shekaru | In an cika sharuɗɗa | Sai ɗakin gwaji nagari | Ya isa rijiya kafin a farga |

Wacce ta dace da wa

Idan malala ce sabuwa a sama, kamar tanka ta yi ambaliya wajen sauke kaya, kuma awo ya nuna ba ta kai ruwa ba, tone da wuri ka kai ƙasar filin ciyar da ƙwayoyi. Kada ka bari ruwan farko na Mayu ya riga ka.

Idan tsohon tanki ne ya daɗe yana yoyo a cikin gari, ruwa kusa, rijiyoyi kewaye, wanda shi ne halin da na fi gani, hanya ɗaya ba ta isa ba. Cire tankin da baƙar ƙasar da ke kewayensa a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya fi sauka, domin a lokacin ne zoben man nan yake a fili. Kai ƙasar filin taki, yaɗe man saman ruwa, sannan ka ci gaba da awo aƙalla damina biyu. Famfon zuƙo ruwa sai in akwai rijiya ko burtsatsen jama'a da gurɓatar ta doso, shi ma a hankali.

Idan fetur ne, filinka yashi, ruwa nesa, kuma ba za ka iya rufe kasuwa ba, zuƙe tururi ta cancanci kuɗinta, muddin ka warware maganar wuta.

Idan gas ne ko baƙin mai, kamar a garejin manyan motoci ko ɗakin janaretan otal ko masana'anta, manta da zuƙe tururi. Tono da taki ne naka.

Idan wurin a bakin hanya yake can bayan gari, babu rijiya kusa, an cire tushen, sa ido ya wadatar, da sharaɗin a rubuta tun yau adadin da in awo ya kai za a koma ga wata hanyar.

Idan kuma saye za ka yi, an yi maka tayin tsohon gidan mai ko filin da aka taɓa yin sa, haƙa rijiyoyin sa ido uku kafin ka biya, ka leƙa rijiyoyin maƙwabta ka sansana guga. Duk kwangilar da za ka sa wa hannu, a ɗaura biyan ƙarshe a kan sakamakon gwaji, ba a kan yawan sawun tifa ko kwanakin da inji ya yi yana ƙara ba. Wanda zai ɗebi samfurin ya zama daban da wanda ya yi aikin, a ɗebe shi a gabanka da wakilin hukuma da mai unguwa, ɗaya a watan Afrilu, ɗaya bayan ruwan Satumba.